Tankin Kifin da Na Jingina da Ɗakin Inna

Edita, a lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ni malamin kimiyya ne da aka dawo da shi gida daga Sakkwato, da matata, da akwatunan littattafai, da kuma tabbacin cewa babu abin da ya gagara a ƙasar Yauri wanda karatu ba zai gyara ba. Na sauka a gidan marigayi mahaifina a gefen Yelwa, inda Inna take zaune ita kaɗai tun da ƙanwata ta yi aure a Wara. Ni ne ɗan fari, Inna kuwa mutuniyar dā ce: ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta faɗa mini magana kai tsaye. In tana son in ji wani abu, sai ta faɗa wa matata, ko ta faɗa wa kajinta da ƙarfi daidai lokacin da nake wucewa. Ni ma tun da na girma ban taɓa wuce bakin ƙofar ɗakinta ba. A nan nake durƙusawa in gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. Haka muka tashi muka tarar, kuma ban taɓa zaton wannan kunya za ta iya cutar da kowa ba.

Ɗakin nan ba kamar sauran ɗakuna ba ne a wurinta. Inna 'yar gungu ce, wato tsibirin cikin kogi, kuma garinsu na cikin waɗanda ruwa ya shanye sa'ad da aka datse kogi a Kainji. An gina wa mutanenmu gidajen siminti, mahaifina ya leƙa ya ce shi ba gurasa ba ne da zai kwana a tanderu. Ya zo nan ya kwaɓa ƙasa da kansa ya gina mata ɗaki, har sawun yatsunsa na nan a jikin yaɓen. Tun daga nan Inna ta yi sallama da ruwa. Ko bakin tabki ba ta zuwa.

Ni kuwa a wata tsohuwar mujallar Turanci da ke ɗakin karatun makarantarmu na ci karo da dabarar da ta tafi da hankalina. A zuba kifi a tanki, a riƙa ɗebo ruwan da suka ɓata da kashinsu ana bi da shi ta cikin tsakuwar da aka dasa ganye a kai. Saiwar ta sha ƙazantar ta zame mata taki, ruwan ya tace ya koma wa kifin. Babu ƙasa, babu takin kanti, ga kifi ga alayyafo a tsakar gida. Na karanta har na haddace, na ji kamar don ni aka rubuta.

Da na je bakin ruwa neman 'ya'yan tarwaɗa, masunta suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Wani dattijo ya tambaye ni ko tabkin ne ya yi mini kaɗan, ko kuwa kifin nawa zai riƙa zuwa makaranta ne. A ɗakin malamai kuma aka naɗa ni Sarkin Ruwan Tsakar Gida, in na shigo sai a miƙe a ce a ba sarki hanya kada ya jiƙa mutane. Wannan tsokana ita ta sa abin ya tashi daga sha'awa ya koma rantsuwa. Na sayi bulo da siminti, na yanka tsofaffin durom biyu-biyu na cika da tsakuwa, na haɗa su da tiyo. Da na duba gidan, babu inda inuwa ke daɗewa kamar bayan ɗakin Inna, kuma mujallar ta ce kifi ba ya son rana. Sai na ɗora bangon tankin a jikin bangonta, ko tafin hannu ba zai shiga tsakaninsu ba. Ranar da na cika shi da ruwa, na ji Inna tana gaya wa kajinta cewa wasu mutane sun gudo wa tabki, ga shi wasu sun ɗauko shi sun kawo har gida. Na yi murmushi, na ɗauka barkwancin tsofaffi ne.

Gaskiya abin ya yi kyau, kuma wannan shi ne babban abin da ya rufe mini ido. Alayyafo ya yi ganye kamar kunnen saniya, tumatir ya yi jawur a tsakiyar bazara, tarwaɗa suka yi ƙiba. Masu tsokanata suka fara zuwa kallo, suna tafiya da ganye a hannu. Abu ɗaya ne kawai: ruwan tankin yana raguwa kullum fiye da yadda ya kamata. Matata ta yi mini magana, na zaunar da ita na yi mata darasin yadda zafin rana ke mai da ruwa tururi, darasin da nake ba 'yan aji ɗaya. Ta ce to, Malam, amma ita tulunta ma a garin yake, ruwansa ba ya raguwa haka. Sai kawai na ƙara wa tankin ruwa. Bayan haka ta zo mini da saƙo, wai Inna ta ce ɗakinta ya yi sanyi kwanan nan. Allah ya yafe mini, na ce madalla, a wannan zafin na Yauri na sama mata iyakwandishan kyauta. Har a makaranta na ba da labarin aka yi dariya. Na ga Inna tana yawan fito da zannuwanta da tabarmi tana shanyawa, na ga ta jawo gadonta kusa da ƙofa, na ji tana tari da safe. Duk na gani, amma ban haɗa su wuri ɗaya ba, ni da nake koya wa yara lura da alamu. Matata kuma suruka ce, iyakarta inda Inna ta ce ta zauna.

Ruwan farko mai ƙarfi na daminar nan ya sauka ne da rana, ina aji. Aka aiko a ce in zo gida maza. Tun daga nesa na hango babu rufin ɗakin Inna a inda na saba ganinsa. Na sheƙa da gudu, sai wata maƙwabciya ta tare ni ta ce in kwantar da hankalina, Inna tana gidan barka a bayan layinmu. Bangon baya ya zauna gaba ɗaya, ya janyo azara da rufin, tankin ya dare. Tarwaɗana suna ta mutsu-mutsu cikin taɓo a tsakiyar kwanonin Inna na aure, mata na tsince su suna zubawa a bokiti, ba mai dariya ko ɗaya. A nan na ga tsagar da ke jikin tankin ta ɓangaren da ido ba ya kaiwa, ta yi gansakuka, alamar ta daɗe tana tsiyaya. Na kuma ga wata tabarma a cikin ɓaraguzan, ta yi baƙi ta ruɓe. Matata ta ce Inna ce ta rataye ta a bangon tun watannin baya, don kada wanda ya shigo gaisuwa ya ga danshin ya ce ɗanta ne ya yi.

Da Inna ta iso, ta daɗe a tsaye tana kallo. Ta sunkuya ta ɗauki wani ɓallin yaɓe mai sawun yatsu, ta share shi da gefen zanenta. Ba ta dube ni ba. Ta juya wajen matata, ta ce mata cikin sanyin murya, wancan karon da ruwa ya ci gungunsu dai an zo an gaya musu tun da wuri, har da mota aka aiko. Iyakar abin da ta faɗa a kan ɗakin ke nan. Sannan ta ce a aika Wara a gaya wa mijin ƙanwata ya zo ya ɗauke ta.

Na sake gina ɗakin da bulo da kwano, na shafe shi da fenti, na aika aka gaya mata. Ta aiko da sa albarka, ta ce Allah ya ba da lada. Takan zo mana da Sallah, ta zauna a tsakar gida, ta tafi kafin la'asar. Ko sau ɗaya ba ta kwana a ciki ba, har Allah ya karɓi ranta a Wara. Ƙanwata ce ta gaya mini an tarar da ɓallin yaɓen nan a ƙulle cikin kayanta.

Ba na zagin dabarar, Edita, don tana aiki, na ci ganyenta. Amma ina jan kunnen duk wanda zai gwada: kada ya kusantar da tanki da ginin ƙasa, ya bar hanyar da mutum zai zagaya ya duba ko'ina, kuma in ruwa na raguwa ya nemi tsaga kafin ya zargi rana. Wanda kuma mahaifiyarsa ke jin kunyarsa kamar tawa, ya sani ba za ta taɓa ce masa ya yi kuskure ba, rufa masa asiri za ta yi ko da bango zai faɗo mata. In ya ji tana magana da kaji, ya tsaya ya saurara, da shi take. Ya aika ƙanwarsa ko gwaggonsa ta shiga ɗakin ta ɗaga tabarma. Ni ban yi ba. Ruwa ya raba Inna da gidanta sau biyu, na biyun ni na ɗebo shi da bokiti na kai mata har bango.