Kuɓewar da Malam ya yanka

Har yau ina tambayar kaina: da mun bar yaron nan a makaranta, da yanzu likita ne, ko kuwa kabari ne a kudu wanda ban san inda yake ba? Jikata da ke rubuta mini wannan ta ce in daina. Ban iya ba.

A ƙauyen Aljirif muke zaune, ƙetaren kogi daga birnin Omdurman. Mijina, wanda nake kira Malam, yana da ɗan fili a bakin kogi, yana shuka kuɓewa da tumatir. Da kaka aikin ya dawo kaina. In yanka kuɓewa sirara-sirara, in baza a tabarma, in ta bushe in daka ta zama weka, wadda za mu yi miya da ita har shekara ta zagayo. Tumatir kuma in tsaga shi, in barbaɗa gishiri, in shanya a kan gadon igiya.

A shekarun nan na soja, yaro in ya gama sakandare sai ya shiga sansanin horon soja kafin a ba shi sakamakonsa, wasu kuma daga can sai yaƙin kudu. Ɗanmu namiji ɗaya ne, saura masa shekara guda. Ranar da aka yi zaman makokin ɗan maƙwabcinmu ba tare da gawa ba, Malam ya dawo ya ce wa yaron, "Gobe ba ka zuwa makaranta. Ni zan koya maka."

Aka shimfiɗa tabarma a rumfa, kusa da shanyata. Malam ya yi ƴan ajujuwa a yankin Jazira kafin a kai shi tsinkar auduga, iyakar bokonsa ke nan. Ya buɗe littafin lissafin yaron, ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi. Ni ban san baƙi ba, amma na san fuskarsa. Kafin kuɓewar farko ta bushe, karatun Malam ya ƙare.

"Baba, ba haka ake yi ba."

"To, yaya ake yi?"

Sai yaron ya nuna masa. Haka aka koma, ɗa yana koyar da uba, yana tashi ya kori awaki daga shanya, ya juya mini tumatir. Mota ma an hana shi hawa, don ana tare motoci a sauke samari. Wata rana ya ce mini, rabi da Larabci, "Ya yumma, uwata, ni ma shanya ni kuka yi. Yaushe za ku daka ni?" Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Bayan kaka biyu ya bar gidan. Ya sami aikin ɗaukar kaya a Kasuwar Libiya da ke Omdurman, daga baya ya kafa teburin takalma. Yakan zo da salla, ya gaishe da ubansa daga bakin ƙofa, ya shigo wajena ya zauna. Abokan karatunsa wasu sun zama manya, biyu ba su dawo daga kudu ba. Ba mu taɓa zancen ba. Duk kaka ina aika masa da weka, yana aiko mini da takalmi.

Shekarar da ƙafafun Malam suka kumbura ya kasa sauka gona, sai ya riƙa zama kusa da ni a rumfa. Wata safiya ya ce in ba shi wuƙa.

"Kai da kuɓewa? Mata za su yi mana dariya."

"Su yi. Miƙo."

Yankansa kauri ne, a karkace. Na ce irin wannan ruɓewa yake yi kafin ya bushe. Ya ce shi zai juya abinsa. Ya ware tabarmarsa daban, a daidai wurin da suke karatu da, yana jan jiki yana juya su ɗaya-ɗaya. Sun bushe kuwa, baƙaƙe, munana.

Ranar da numfashinsa ya fara sarƙewa na aika a kira yaron daga Omdurman. Hanya da nisa, ga gada. Bai same shi da rai ba. Na ba shi ƙullin kuɓewar da Malam ya yanka bayan an dawo daga maƙabarta, ya buɗe, ya duba, ya ɗaure. Ban san ko ya ci ba. Wannan ma ina kuka a kansa.

Kafin ya cika, ina cikin ɗaure ƙullin nan ne Malam ya yi mini magana ta ƙarshe.

"Uwar yara, nawa kada ki daka. Ki ba yaron haka nan, ya ga yankan. Zai san hannun wanda bai iya ba."