Sunan da Ke Ƙarƙashin Kalmasa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana, ku ce ta zo mu ji ta. Yauwa. To ta zo, sai dai wannan mai ita tana nan da ranta a bayan kasuwar Oje, cikin Ibadan, ina jin ma yanzu haka tana zaune tana shafa wa gwiwa man zafi.

Iya Mulika ake ce mata, da sunan 'yarta ta fari. Shekara arba'in da ɗoriya bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata, tun ina sabuwar zuwa ko sannu ban iya da Yarbanci ba. Kullum ana idar da asuba sai in ji ƙarar bokitinta. Ta yi wanka, ta ɗaura zanin adire, rinin Yarbawa mai duhun shuni, ta soke allura a gefen ɗankwali, ta leƙo tagata, ta kira ni da sunan da Yarbawa ke kiran Hausawa.

"Iya Gambari, kin mutu ne ko kina nan?"

"Ina nan. Sai na ci tuwon amala a sadakar takwas ta rasuwarki."

"Ashe za ki daɗe da yunwa."

Daga nan sai matakalar Mapo, babban zauren taron garin, ta zauna jiran baƙi. Ba ta da ofis, ba ta da allo. Direbobin tasi ne suka san ta. Duk baƙon da ya ce yana so ya ga aikin hannun garin nan, Bature ne ko ɗalibi daga Legas, sai su ce, "A kai shi wurin Iya Mulika."

Ita kuwa ba ta bin titi. Lungu take bi, tana gaba suna baya kamar 'yan tsaki. Ta kai su wurin masassaƙa, inda fuska ke fitowa daga cikin icce a hankali kamar mai farkawa daga barci. Ta kai su wurin masu ɗaure kalangu, ta hau da su benen da masu fenti ke zana kasuwa da ruwan sama. Ƙarshe sai marina, inda zannuwa ke shanye igiya bayan igiya, iska na kaɗa su, har mutum ya rantse sararin sama ne aka sauko da shi aka wanke aka shanya. Doka ɗaya gare ta: ba mai ɗaga kyamara sai ya ce sannu da aiki, ya tambayi sunan mai aikin, ya maimaita da bakinsa. In ya karya sunan, a yi dariya, ya sake.

Abin da baƙi ba su sani ba, ba da rakiya ta fara ba. Mai kalmasa ce. A da, matan unguwar nan da gashin kaza da kunun rogo suke zana adire, gida-gida, kafin a tsoma a baba. Kowace mace tana da 'yar alamarta da take sakawa can a bakin zani. In an gama rini sai a kawo wa Iya Mulika ta naɗe bakin ta ɗinke, alamar ta shige ciki. Mata talatin da wani abu ta rufe wa suna da allurarta. Da masu zanen suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, sai ta koma tana kai mutane inda suka zauna.

Bara waccan, da damina, aka sauke mata wata baƙuwa, Tinuola, haihuwar Ingila, Yarbancinta duk a karkace. Ranar ina wurin, na je sayen barkono. Tana rungume da jaka a ƙirji, ta rusuna, ta ce ta zo neman aro. Nufinta baban rini. To amma kalmar nan, in ka ja ta ka sauke murya, ta tashi daga rini ta koma kewa. Haka ta faɗe ta. Direban da ya kawo ta ya fashe da dariya.

"Anti, kewa kika zo saya? Mudu nawa?"

"Rufe mana baki, Raufu," in ji Iya Mulika. "Ba ta yi kuskure ba. Dubi idonta. 'Yata, me ke cikin jakar?"

Zani ne, na mahaifiyarta da ta rasu. Shi kaɗai uwar ta tafi da shi daga gida, ta yi shekara hamsin tana shinfiɗa shi a kan gado ba ta ɗaurawa. Za a rataye shi a wani baje kolin zane a can ƙasarsu, har an buga katin da za a manna a gefe: ba a san wadda ta yi ba. Wannan layin ne ya hana Tinuola sukuni. Kwana biyu suka rage mata ta koma.

Iya Mulika ba ta ko kalli zanen ba. Bakin zanin ta bi da babban yatsa, ido a rufe.

"Ɗinkina ne. Ina amarya na yi shi, ga shi nan bai gama miƙewa ba. Amma ta wace ce a ciki, sai an buɗe."

"A farke, Mama?" Tinuola ta janye zanin. "Ko wanke shi ban taɓa yi ba. In ya yage fa?"

"In ya yage, ki ce ni ce. Ni na rufe, ni zan buɗe. In kin ƙi kuma, ki koma da katinki yadda yake."

Tinuola ta shafa zanin, sannan ta miƙa. Iya Mulika ta zare allurar ɗankwali, ta shiga tsince zaren ɗaya-ɗaya, ba reza, ba almakashi. Mu duka muka matso muna leƙe, har Raufu. Bakin ya buɗe, shunin ciki sabo fil kamar jiya aka tsamo shi. Sai ga ɗan kifi fari, sanye da hula.

Iya Mulika ta yi dariya har da hawaye. "Oyinlola! Mijinta ne wannan, Baba Lasisi. Ko wanka zai shiga ba ya cire hula."

"Tana raye?"

"Jiya ma ta zage ni."

Muka ɗunguma gidanta. Mama Oyinlola ta haura tamanin, ido ya tafi, ita kaɗai ta rage cikin matan nan. Aka ɗora mata zanin a cinya. Ta shafa, ta sunsuna, ta ture.

"Kowa ma zai iya cewa nawa ne. Kun ga makauniya kun zo ku yi mata daɗin baki."

Nan ne, Iya Mulika, kika yi abin da ba zan manta ba. Kika zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, kika shiga karanta mata zanin gida-gida kamar wasiƙa: ga cokula, ga ginshiƙan Mapo, ga ganyen rogo, ga tsuntsaye huɗu suna shan ruwa. Tsohuwa ta lumshe idon da ba ya gani, leɓenta yana motsi, tana riga ki faɗa.

"Tsaya," ta ce. "Tsuntsu na uku. Wuyansa a karye yake?"

Tinuola ta duba. "A karye yake, Mama."

"Lasisi ne ya yi atishawa a bayana, hannuna ya goce. Kwana biyu ban ba shi nama a miya ba." Sai ta jawo zanin ta rungume. "'Yar nan, ki rubuta sunana da manyan baƙaƙe. Ba zan gani ba, amma ki rubuta."

Kafin la'asar kin mayar da kalmasar, kina bin ramukan da allurarki ta huda tun kina amarya, kifi ya koma ɗakinsa. Tinuola ta ce a ba ta naki sunan ta haɗa a katin. Kika kaɗa hannu.

"Mai kalmasa ba ta da suna a zani. Zo ki ci amala kafin ta huce."

Ke ce allurar da ta rufe, ke ce kuma ta buɗe. Ke ce kika koya wa baƙo cewa bayan kowane kyakkyawan abu akwai wani mai ciwon baya da ya kamata a gaida. Mun gode, ƙawata. Allah ya saka, ya sassauta wa gwiwoyin nan. Ku kuma, duk garin da kuka sauka kuka ga abin da ya burge ku, kafin ku ɗauki hoto, ku tambayi sunan mai hannun, ku faɗe shi da bakinku.

Tinuola ta koma, an sake buga katin. Mama Oyinlola tana nan, hoton katin yana ƙarƙashin matashinta. Raufu yana tuƙinsa. Iya Mulika ta daina hawa matakalar Mapo tun watan jiya, baƙi ne ke zuwa ƙofarta yanzu. Ni kuwa, tunda babu zanin da ke ɗauke da sunanta, ga shi na warware nawa bakin: sunanta Wuraola 'yar Salawu. Tatsuniya ta ƙare, mai ita ba ta ƙare ba. Gobe da asuba za ta leƙo ta zage ni.