Kasuwar da ke cikin kukar gonarmu

Jama'a, ku ajiye komai ku karanta!

Ɗazu da hantsi Inna ta aike ni da ƙanena Sadi mu kai wa Baba kunu gona. Autarmu Ummi ta nace sai ta bi mu. Muna isa gindin tsohuwar kukar gonarmu, ta leƙa kogonta, ta shige. Na ƙwala mata kira. Ba ta fito ba!

Sadi ya ce, "Yaya, in muka koma gida ba ita, mun shiga uku!"

Muka rarrafa ciki. Kai! Ashe kasuwa ce guda! Kwaɗi na tallan fura, ƙadangaru sanye da huluna suna ciniki, gero ya fi dabino tsayi. Ga Ummi zaune kan tabarma, wata tsohuwar bushiya na yi mata kitso!

Na durƙusa na ce, "Sannu Iya, ƙanwarmu muka zo ɗauka."

Bushiya ta ce, "Mun riƙe ta. Sai dai ku ba mu abin da ba mu taɓa ɗanɗanawa ba."

Sadi ya miƙa mata kunun Baba. Ta kurɓa, ta rangaɗa guɗa, kasuwa ta kaure da rawa! Muka suri Ummi, muka arce.

A gida Inna ta ce ƙarya muke, har ta ɗauko muciya. Sai wata gyaɗa da Ummi ta ɗauko a kasuwar ta ce, "Ina wuni, Hajiya?"

Har yanzu Inna tana maƙwabta. Ko takalmi ba ta tsaya sakawa ba!