Baba Djibrilla, Mai Hana Bareyi Abinci

Daga Allah muke, wurinsa kuma kowa zai koma. A ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran maƙwabcinmu Baba Djibrilla na garin Pleasant Garden, kusa da Greensboro, bayan gajeriyar jinyar ciwon zuciya.

Baba, ban iya magana cikin mutane ba, ka sani. Shi ya sa na rubuta.

Kai ne ka kai mu asibiti ranar da ƙanena ya karye, Abbanmu yana wurin aiki a titin Wendover. Idan ka dawo farauta, babu gidan 'yan Nijar da nama bai shiga ba. Abu ɗaya ka hana, shi ne kan barewa. Mata su roƙe ka don farfesu, ka ce ka bar shi inda ta faɗi. Wasu har rowa suka kira abin. Ba ka taɓa mayar da magana ba.

Bayan gidanka daji ne, bareyi suna fitowa da yamma. Wata rana ka gan ni da kwanon masara zan zuba musu. Ka ce, “Chamsi, ina zuwa da tuwon baƙi?” Ka zaunar da ni a bakin matakala ka yi mini bayani a hankali.

Ka ce akwai wata cuta mai cin ƙwaƙwalwar barewa, har an gan ta a jiharmu. Abin da ke kawo ta ana ce masa prion. Ba shi da rai, don haka tafasa ba ta kashe shi. Barewa takan ɗauke shi fiye da shekara tana kama da mai lafiya, alhali yana fita a yawunta da fitsarinta da kashinta. In ya sauka a ƙasa, ya zauna ke nan shekara da shekaru. Daga baya barewar ta rame, kai ya sunkuya, yawu na zuba, ta daina gudun mutum. Babu magani. Ka ce a Norway sai da aka kashe garke guda na manyan bareyinsu na ƙasar ƙanƙara saboda ita.

“In kin zuba abinci wuri ɗaya,” ka ce, “baki goma ne zai lashi inda baki ɗaya ya lasa. Ki bar su su watse. Tausayinsu ke nan.”

Ranar sadakar uku, shinkafa da dambu suka ragu da yawa. Mu ba ma zuba abinci a shara. Hajiya Houda, babbar cikin matan, ta ce a kai bakin dajin nan, dabbobi su ci, ladan ya je maka. Kowa ya ce madalla. Aka juye a babbar roba, mata biyu suka ɗauka.

Baba, sai na miƙe. Na je na tsaya a ƙofar baya. Na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri. Baba ya hana.”

Ta dube ni sama da ƙasa. “Ashe 'yar gidan Kader tana magana? Hana me? Sadakar?”

Na faɗi abin da ka faɗa mini, rabi da Turanci. Sai matarka Tanti Tchima, wadda ba ta ce komai ba tun ranar jana'iza, ta ɗago kai ta ce, “Ku ajiye. Gaskiyar yarinya ne. Ko ɓawon kankana ba ya bari in jefa can.”

Hajiya Houda ta riƙe haɓa ta ce, “Ikon Allah! Djibrilla ya hana mu kan barewa yana raye, ya hana mu sadaka yana kwance.” Tanti ta yi dariya har da hawaye. Aka ɗura abincin a ƙananan robobi, aka kai wa samarin da ke zaune a gidajen haya na titin Gate City. Da yamma bareyinka suka fito ɗaya-ɗaya, kowacce tana kiwo a gefenta.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da Aljanna saboda mutanen da ka ciyar da dabbobin da ka kare. Ina miƙa ta'aziyyata ga Tanti Tchima, da ɗanka Soumaïla, da 'yan'uwanka na Maraɗi da ba su samu ganin gawarka ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Amin.

Chamsiya Kader, Greensboro