Kujerar da Ta Hana Baba Komawa Kano

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Satumba 2011, bayan la'asar, labari ya iso mini a shagona da ke Adjamé cewa Allah ya karɓi ran Kawu Abdulbaƙi kafinta, mai rumfa a bayan babban masallacin Treichville. A zaune nake kan kujerar da ya ƙera sa'ad da aka faɗa mini.

Kawu, mutane sun san ka da kujerun nan marasa jingina, masu juyawa a kan sukurun ƙarfe, waɗanda yaran Abidjan ke kira tabure. Masu aski da teloli duk sun zauna a kan aikinka. Ni kuwa abin da na san ka da shi ya fi ƙarfin katako.

A shekarar 1996 ɓarin jikin mahaifina, Alhaji Ibrahimu mai atamfa, ya shanye. Ya ji sauƙi, amma ba ya iya waiwayawa ya ɗauko turmi daga kanta. Yayyena suka yanke shawarar a rufe shago a mayar da shi Kano ya huta. Baba ya ce raba shi da shagon nan daidai yake da binne shi da rai. Ba wanda ya saurare shi.

Sai ga ka da hularka mai garin katako. Ba ka auna Baba ba, don ka ce da kunya a sa wa dattijo igiyar awo. Tsohon bencinsa ka ɗauke, wanda zaman shekaru ya yi wa kwarmi, ka lanƙwasa siraran falankai a kan wannan kwarmin har suka ɗauki siffarsa. Muka yi ta dariya, muna cewa Kawu ya tafi da benci asibiti ya bar mara lafiya.

Ranar da ka kawo sabuwar kujerar, ka murɗa ta har tafin ƙafar Baba mai lafiya ya taka ƙasa sosai, ka ce, "Alhaji, gwada mu gani, dusma dusma, a hankali." Baba ya tura ƙafa. Juyin farko da ya yi, yayyena ya ba wa baya. Na biyu ya ɗauko turmi da kansa ya miƙa wa mai saye. Daga ranar ba a sake ta da maganar Kano ba. A kanta yake juyawa ya fuskanci alƙibla, a kanta ya yi ciniki har ƙarshen rayuwarsa.

Da na gaji shagon, na ƙi taɓa sukurun, ina zaune ƙafafuna na reto. Ka zo ka gani, ka ce, "Iklima, da don mutum ɗaya na yi ta, da ban sa mata sukuru ba. Tashi." Ka sauke ta daidai tsawona, ina kuka kana fito kamar ba ka gani ba.

Ina kewarka, Kawu. Kujerar tana nan inda hannunka ya bar ta, shagon kuma a buɗe yake.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya haɗa ka da amininka Baba a Aljanna Firdausi. Ga Inna Hajara da 'ya'yanka, Faruk da Laila, yako, kamar yadda ake cewa wurin ta'aziyya a garin nan. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.