Jar Tuta da Kifin Yakaka

Shekara talatin da ɗaya Fannami ya yi yana aikin dogo tsakanin Malam Madori da Birniwa. Ya fara da saran ciyawa da ɗaure ƙusa, ya ƙare da riƙe tuta: koriya jirgi ya wuce, ja ya tsaya. Duk tsawon lokacin nan ba a taɓa jin ya jera magana goma ba. In ka tambaye shi lafiyar dogo, sai ya buga masa guduma, ya ce, "Ka ji."

Da jirgi ya ɗauke ƙafa, sai ya naɗe tutocinsa ya koma gona. Dogon kuwa bai zauna banza ba. Duk shekara in ruwa ya cika fadama, tudun da aka ɗora dogo a kai ne kaɗai busasshen wuri, don haka mata ke hawa can su kafa murahu, su yi ta bandar kifi wata uku cur. Har wurin ya sami suna, Tudun Banda. Shugabar matan kuwa matar Fannami ce, Yakaka, wadda ke yin maganar gidan duka, tata da tasa.

Wata safiya rediyo ta ce za a dawo da jirgin kaya, har da taragon fetur, kuma akwai ƙudurin doka a majalisa: duk inda mutane ke zaune gab da dogo, jirgi ya rage gudu, a kuma sa mai tuta. Fannami ya miƙe da kofin koko a hannu ya yi juyi biyu a tsakar gida, koko ya wanke masa riga. Ya yi kukan jirgi da baki, kaji suka watse.

"Malam, lafiya?" in ji Yakaka. "Ko aljanun tasha ne suka biyo ka?"

"Yana zuwa," ya ce.

Sai ga Sunusi, tsohon abokin aikinsa mai ɗan karatun boko, da takardar wuraren da dokar ta lissafa. Babu Tudun Banda. Masu awo da rani suka zo, ba su tarar da kowa ba sai toka. Ke nan fetur zai riƙa ratsa tsakiyar wutar mata a guje.

Mai gari ya ce 'yan kwamitin majalisa za su zauna a Haɗeja jin ra'ayin jama'a, an ba ƙauyen minti uku, kuma Fannami ne zai yi magana tunda shi ya san dogo. Kwana huɗu yana gwaji a gaban awaki. "Ya ku manyan baƙi," sai ya tsaya, ya sake. Yakaka na leƙe tana riƙe ciki.

"Akuyar ma ta gaji, Malam. Wuce manyan baƙin nan mana."

Ran tafiya ya sa tsohon kakinsa, wanda maɓalli biyu suka ƙi haɗuwa. Ya nemi jar tuta ya rasa. Ashe Yakaka ta ƙunshe manyan tarwaɗa shida a ciki.

"Ba a zuwa gaban manya hannu rabbana," ta ce. "Tutar ce kuma ƙyalle mai tsabta a gidan."

Zauren ya cika. Wani ya yi jawabi da Turanci har mutane suka fara gyangyaɗi. Da aka kira Fannami, ya fito rungume da ƙunshinsa, ya ce, "Ya ku manyan baƙi." Shi ke nan, sauran ya gudu. Ya dubi rufi, ya dubi takalmansa. Minti uku suka tafi, magatakarda ya kaɗa ƙararrawa, shugaban kwamiti ya buɗe baki zai kira na gaba.

Hannu ya fi baki sanin aiki. Fannami ya fizge tutar ya ɗaga sama, tarwaɗa suka zube a kan tebur, ɗaya ta gangara kan cinyar shugaba. Zaure ya fashe da dariya. Fannami bai sauke hannu ba. Bai taɓa sauke ja ba sai ya tabbata an tsaya.

Shugaban ya ɗauki kifin ya sansana. "Baba, wannan bandar ta ina ce?"

"Ta kan dogonku ce, ranka ya daɗe!" Yakaka ta amsa daga can baya. "Murhu arba'in da uku, ban da na masu suya. Ga jarirai a goye."

"Amma takarda ta ce babu kowa a wurin."

"Takardar da rani ta zo. Ta dawo yanzu ta ci hayaƙi."

Shugaba ya juya ga Fannami, ya tambaye shi ko gaskiya ne. Fannami ya sauke tuta, ya nuna ƙofa, ya ce, "Mu je."

Suka je kuwa. Mota biyu, sannan kwalekwale, manyan riguna a tattare. Tun daga nesa hayaƙi ya tare su. Magatakarda ya bi murahu yana ƙirgawa yana tari, ya sami arba'in da bakwai. A nan tsaye, ya ɗora takarda a gadon bayan wani masunci, ya rubuta Tudun Banda a jerin. Mata suka rangaɗa guɗa, Sunusi ya jefa hula sama ta faɗa ruwa, Fannami ya yi ta dariya har haƙoransa biyu suka fito.

An ce ƙudurin sai ya bi matakai kafin ya zama doka. Fannami bai tsaya jiran matakai ba. Washegari ya ƙirga taku dubu gabas da murhun ƙarshe, ya kafa turke inda mai tuta zai tsaya, ya yi haka a yamma. Sannan ya wanke tutar da sabulu sau uku ya shanya.

Har yau tana ƙamshin tarwaɗa. Yakaka ta ce ya fi: direban da bai ga ja ba, hancinsa zai tsayar da shi.