Zogalen da Na Ce Akuya Ta Cinye

Shekarun baya, tun kaina bai san furfura ba, na yi shekara huɗu a ƙasar Madina ba ni da ɗaki. Mota ce gidana. Ni da abokina muna aiki wurin wani Balarabe mai shagon gyaran injin ban-ruwa, shi ne kafilinmu, wato mai ɗaukar nauyin zamanmu a ƙasar. Da ya ga kira daga gonakin dabino ya yi masa yawa, sai ya sayi wata tsohuwar ƙaramar bas, ya sa aka ciccire kujerun, aka kafa gadajen katako biyu da akwatin kayan aiki, aka ɗora tankin ruwa a sama. Mu muka ƙara tukunyar gas da labule. Ya miƙa mana takardar izinin tafiya ya ce, "Yalla," wato mu kama hanya. Abokina ne makaniki, ni direba, kuma mai miƙo sifana.

Ba zan yi muku ƙarya in ce wahala muka sha ba. Zaman ya yi mini daɗi. Yau muna Khaibar, jibi Badar, wani mako can wajen Yanbu. Inda la'asar ta same mu nan ne ƙofar gida. Mu shimfiɗa tabarma a inuwar motar, mu ɗora shayi, masu gona su aiko mana da dabino wanda ko a kasuwa ba a ganin irinsa. In mun shigo gari sai mu tsaya Bi'ir Ali mu cika tanki, mu yi wanka, mu sha shayin wani Basudane da yake ajiye mana wasiƙun gida a ƙarƙashin teburinsa. Daga nan mu wuce unguwar Ƙiblatain, inda shagon yake.

Abokina Badamagare ne, ya ba ni shekara goma sha biyar. Ni Bakano. Kun san abin da ke tsakani. Ina kiransa Usta, kamar yadda Larabawa ke kiran gwanin sana'a, shi kuwa bai taɓa kiran sunana ba. "Bakano, miƙo sifana sha bakwai." "Bakano, gishirin ma tsimi kake yi da shi?"

Amma mu uku ne a motar. Ta ukun wata 'yar bishiyar zogale ce a cikin babban gwangwanin madara. Matar Usta ce ta aiko masa da irin ta hannun wani alhaji, daga bishiyar tsakar gidansu. Ba a yi wata biyar ba aka aiko masa da rasuwarta, bai kuma samu zuwa ba. Duk wannan na sani. Ina faɗa ne don kada wani ya nema mini uzuri.

Ni na sa mata suna Hajiya, don gatan da take samu ya fi na mutum. Ruwan tankinmu a ƙayyade yake, saboda haka Usta a kan tasa yake alwala, in ya gama ya juye mata. Duk inda muka tsaya ita ake fara saukewa ta sha rana, in rana ta take a mayar da ita inuwa. Da kanta ya kusa taɓa rufin mota, Usta ya datse. Ganyenta kuwa sai ranar Juma'a yake tsinkar ɗan kaɗan ya sa a miya, abin da bai fi a ƙirga ba. Mazauninta gefen taga ne, daidai inda nake duba madubin dama.

"Usta, Hajiya ta tare mini madubi."

"To ka roƙe ta ta matsa."

Haka muke, ana dariya. Sai wata rana lokacin girbin dabino, muna shiga wata gona a Khaibar, akuya ta gitta, na taka birki da ƙarfi. Gwangwanin ya kife, reshe ɗaya ya karye. Usta ya sauko yana tattara ƙasar da hannunsa, a gaban ma'aikatan gonar ya ce da ni, da Larabci ma don kowa ya ji, ko jaki ba za a ba ni in kora ba. Suka yi ta dariya. Kwana uku muna aiki a gonar, duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Ya direban jaki!"

Maganar ba ta fi wadda muke yi wa juna kullum ba. Gaban mutane ne ya sa ta zauna mini.

Ranar da za mu tashi Usta ya wayi gari da zazzaɓi, yana kwance a gadon baya ya ja bargo. Ni na kwashe kaya. Na ɗauki tabarma, na ɗauki buta, na zo kan gwangwanin. Na tsaya ina kallonsa. Sai na ɗauke shi na zagaya bayan ɗakin injin, na dire shi a gindin katanga, na dawo na tayar da mota.

Mun hau kwalta ya ɗago kai. "Bakano, ina Hajiya?"

Na ce, "Usta, sai haƙuri. Awakin gonar nan sun cinye ta tun da sassafe. Ban so in tashe ka ba."

"Gwangwanin fa?"

"Na yar."

Ya dube ni ta madubin tsakiya, ya mayar da kai ya kwanta. Mako guda ya yi yana jinya a Ƙiblatain.

Kwana uku na yi ina jin daɗin madubina. Daga nan daɗin ya ƙare. Usta bai yi fushi ba, bai daina zolayata ba, abinci ma shi ya ci gaba da dafa mafi yawa. Abu ɗaya ne bai canja ba: a kan tasa yake alwala. In ya gama sai ya ɗauki tasar ya fita, ya nemi kowace irin ƙaya ko ciyawa a bakin hanya ya juye mata. Sau biyar a rana ina kallon wannan. Wani lokaci ya miƙe da tasar ya nufi gefen taga, sai ya tuna, ya juya. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Wata biyar ina shirya maganar a bakina, in na buɗe baki sai in ce, "Usta, a ƙara sukari?"

Da azumi ya zo kafili ya ba mu kwana uku mu yi Umara. Muka tsaya Bi'ir Ali, inda mutanen Madina ke ɗaukar harami. Manyan motocin maniyyata cike da fili, kowa cikin farin ƙyalle. Muka yi wanka, muka ɗaura namu, muka yi nafila. Na ga ba zan iya cewa Labbaika da wannan abu a wuyana ba. Amma ga halina. Ban yi magana ba sai da na ji Usta ya yi niyya ya fara talbiya, don na san mai harami ba ya jayayya, ba ya zagi. Sannan na matsa kusa da shi a jikin motar.

"Usta, akuya ba ta ci Hajiya ba. Ni na ajiye ta a bayan ɗakin injin, da gangan."

Ya dubi haraminsa, ya dube ni.

"Sai da ka bari na yi niyya, ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Kai, Bakano! Tuban ma sai ka nemi inda ya fi araha." Ya gyara ƙyallen kafaɗarsa. "Ai na sani tun ranar. Akuya takan bar kara. Kuma kai da ko gwangwanin kifi ba ka yarwa, ka tara sun fi ashirin a ƙarƙashin gadonka, wai ka yar da na madara? Tayar da mota. In mun sauke harami ma yi magana."

Ban taɓa jin nisan Makka irin na ranar ba. Yana talbiya ina amsawa. Muka yi ɗawafi, muka yi Safa da Marwa, ina ta satar kallonsa. Da muka fito daga wurin mai aski, kawunanmu tal, na tsaya ina jiran abin da na saya wa kaina.

Ya ce, "Ranar da na warke na san rana ta riga ta gama da ita. Na ce na rasa bishiya, kada in haɗa da direba. Jira nake ka faɗa da bakinka. Ka daɗe, amma ka faɗa. Na yafe. Sai dai za ka kai ni in ɗauko gwangwanina. Marigayiya matata ce ta rubuta sunana a takardar irin, na liƙa a gindinsa."

Wannan kam ban sani ba. Nan na zauna a bakin titi na yi kuka, mutane suna wucewa suna zaton daɗin Umara ne.

Bayan salla aiki ya mayar da mu Khaibar. Muka shiga gonar a hankali, don ko tururuwa ba zan taka wa birki ba. Na ja Usta zuwa bayan ɗakin injin. Babu gwangwani. Sai na ji Usta ya ce, "La'ilaha illallahu." Yana kallon bakin kwatar da ruwan injin ke bi. Ga zogale nan tsaye, ya fi ni tsawo, an kewaye shi da waya.

Ashe mahaifiyar mai gonar ce ta tsince shi a ranar, ta sa aka dasa shi a nan. Tsohuwa ce wadda iyayenta suka zo Hajji da ƙafa daga ƙasar Hausa suka zauna. Daga bayan ƙofa ta yi mana magana, Hausa tana haɗuwa da Larabci. "Na gan shi na ce wannan shajarar uwata ce, zogala. Wane maras imani ne ya bar ta cikin rana ba ruwa?"

Usta ya ce, "Wani direban jaki ne, Inna."

Ta aiko da gwangwanin, a wanke, takardar tana nan ta manne a gindinsa. Ranar Usta ya tsinki ganye cike da tasar alwalarsa, ya dafa, ya kwaɗanta da dakakkiyar gyaɗa. Muka ci har da ma'aikatan gonar. Ina cikin ci na ce, "Usta, ka ga ashe gwangwanin ne ya hana ta girma."

"Haka ne. Amma ba da niyyar dashe ka ajiye ta ba, kada ka sa ran lada."

Da za mu tafi ya sari reshe ɗaya, ya cika gwangwanin da ƙasa ya kafa shi. Bai kai shi gefen taga ba. A bayan kujerata ya ɗaure shi, ya miƙo mini tasar. "Daga yau alwalarka ce abincinta." Shekara biyu da muka ƙara a motar nan, ni nake sauke ta, ni nake mayar da ita inuwa.

Usta ya koma Damagaram kafin ni, kuma Allah ya yi masa rasuwa shekarun baya kaɗan, Allah ya jiƙansa. Abin da nake yawan tunawa ba yafewar ba ce, wata biyar ɗin nan ne da ya yi yana dafa mini abinci, yana kuma sane. Ni da maganar jaki ɗaya ta hana ni sukuni kwana uku.

Na taho da irin bishiyar Khaibar a aljihu. Yanzu tana tsakar gidana, a gindinta nake alwala. Akuyar maƙwabta takan shigo ta miƙe ta ci ganyen ƙasa, iyalina su ce in kore ta. Ba na korar ta. Na taɓa yi wa 'yar'uwarta ƙazafi.